Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Abuja: Jariran Da Aka Bar Wa Gidajen Raino Na Kirista

Zuwa ga Mai Girma Ministan Babban Birnin Tarayya, Barista Nyesom Wike, da shugabannin ƙananan hukumomin birnin guda shida.

Ranka ya daɗe, barka da aiki, barka da ƙoƙari. Muna gaida ku baki ɗaya, da fatan wannan takarda za ta same ku lafiya, ku da iyalanku. Allah Ya yi riƙo da hannayenku.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce da ta yi ritaya. Ƙuruciyata da ƙarfina a ƙananan asibitocin karkarar wannan yanki suka ƙare, kuma aikin da na fi yi shi ne karɓar haihuwa. Ina magana ne da yawun wasu mata, Musulmi da Kirista, mazauna Gwagwalada da Kwali da Kuje, da muke karo-karo a ƙarshen wata mu sayi madarar jarirai da sabulu da 'yan tufafi, mu kai gidajen da ke rainon yaran da danginsu suka ƙi. Ba mu da ofis, ba mu da jam'iyya, ba kuma kwangila muke nema ba. Ni Musulma ce, gidajen da zan yi magana a kansu kuwa yawancinsu Kiristoci ne suka kafa su, su ke riƙe da su. Na faɗi wannan tun daga farko don kowa ya san ba gidanmu nake yi wa talla ba.

Ranka ya daɗe, daga ofishinka da ke Garki, tafiyar awa ɗaya ko biyu za ta kai mutum ƙauyukan da har yau ana iya haifar jariri a ce ba za a bar shi ya rayu ba. Laifinsa kawai ya zo tagwaye ko 'yan uku, ko ya zo zabiya, ko da nakasa, ko haƙoransa na sama sun riga na ƙasa fitowa. Wanda aka fi tsangwama kuwa shi ne wanda mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwarsa ko tana cikin shayar da shi, sai a ce shi ya ci uwarsa. A da akan haɗa irin wannan jariri da gawar uwar a kai kushewa. Yanzu an san hukuma za ta iya ji, don haka ba a yi a fili. Sai a ajiye shi a ɗaki ba nono ba ruwa, ko a ɗura masa wani abu, gari ya waye a ce Allah Ya karɓi abinSa. Ba zan kira sunan wata ƙabila ba, domin ba kowa ke yi ba. A cikin waɗannan ƙauyuka ne ma ake samun gwaggo ko kawu da ke saɓar jaririn cikin dare su gudu da shi, suna sane da cewa dangi za su juya musu baya. Abin ya ragu ƙwarai in an kwatanta da shekarun baya, amma bai ƙare ba.

Mu da muka tashi a gidajen da ake murna da Hassan da Husaini, har a raɗa wa mai bi musu Gambo, mun daɗe ba mu yarda wannan na faruwa a ƙarƙashin hancinmu ba. A makaranta an koya mana cewa Mary Slessor ta yaƙi kisan tagwaye a ƙasar Kalaba kafin rasuwarta a 1915, sai muka ɗauka an rufe babin. Waɗanda suka nuna wa duniya cewa ba a rufe ba su ne wasu ma'aurata masu aikin bishara, Olusola Stevens da matarsa Chinwe, da suka fara karɓar irin waɗannan jarirai tun shekarun 1990, har suka buɗe gidan Vine Heritage a 2004, gidan da ya yi zama a ƙauyen Kiyi da ke yankin Kuje. Yaran da ke hannunsu sun haura ɗari da hamsin tuntuni. A 2013 hukumar birnin ta sa aka bincika, aka kuma yi gangamin wayar da kai. Bayan nan ƙungiyar ActionAid ta gudanar da wani shiri na yaƙi da kisan jarirai da kuɗin Tarayyar Turai, aka taimaka wa gidan da mazauni mai faɗi. Shirin ya ƙare kamar yadda kowane shirin masu ba da agaji ke ƙarewa, jarirai kuwa ba su daina zuwa ba. Bayan wannan gida akwai wasu ƙanana na coci-coci da na ɗaiɗaikun bayin Allah, masu karɓar jaririn da aka tsinta a bola ko a bakin kwata, da yaron da aka gudu aka bari a asibiti.

Kukanmu na farko, wanda kuma ya fi kowanne girma, shi ne mutuwar mata wajen haihuwa. Duk wanda ya zauna da masu rainon nan zai ji cewa mafi yawan jariran da ake kawo musu marayun uwa ne. Camfin bai da abin kamawa sai an ga gawa. In uwa ta haihu lafiya ta tashi ta yi wankan jego, babu mai kiran ɗanta maye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kusan 75,000 suka mutu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Abin da ke kashe su kuma mun san shi sarai, zubar jini bayan haihuwa ne, da jijjiga, da doguwar naƙuda, da zazzaɓin da ke biyo bayan haihuwar da aka karɓa cikin ƙazanta. Allurar tsayar da jini ba ta da tsada, amma tana son firiji, firiji kuma yana son wuta. Ƙwayoyin da ake sa wa mace a ƙarƙashin harshe ba sa ma son firijin, amma sai an sami wanda ya iya ba da su a kusa. Maganin jijjiga yana nan. Abin da babu shi ne ungozoma mai horo da za a buga wa ƙofa da ƙarfe biyun dare, da motar da za ta ɗauki mace zuwa babban asibiti kafin jininta ya ƙare.

Na taɓa zama a wani ƙaramin asibiti a ƙauyen da in damina ta yi nisa sai an tsallaka ruwa a kwalekwale kafin a kai titi. Wata safiya wani matashi ya iso a kan babur, a bayansa wata dattijuwa rungume da abu a cikin tsohon zane. Jaririya ce, cibiyarta ɗanya, an ɗaure da zaren buhu, jikinta ya yi sanyi, ko kukan kirki ba ta iya yi. Uwar ta rasu da asuba, mahaifa ta ƙi fita. Dattijuwar yayar mahaifin ce. Ba ta ce mini komai ba sai “Malama, ki ɓoye ta, kada ki ce ni na kawo.” Hannunta na rawa, tana ta waigen hanya. Na sa jaririyar a ƙirjina na lulluɓe mu da bargo har ta ɗumama, na wanke cibiyar, amma ba ni da madara ko cokali ɗaya, ba ni kuma da lambar wani jami'in gwamnati da zan kira ya zo ya karɓe ta. Wani mai wa'azin coci da ke maƙwabtan ƙauyen ne ya san inda za a kai ta. Da a ce an kawo uwar nan wurina tun tsakar dare, da babu wanda zai nemi gidan raino.

Shi ya sa yajin aikin ma'aikatan ƙananan hukumomi na 2025 ya yi mana ciwo. Watanni aka kwashe makarantun firamare da asibitocin matakin farko suna kulle a kan batun mafi ƙarancin albashi. Ma'aikatan suna da haƙƙinsu, ba su muke zargi ba. Amma naƙuda ba ta jiran a sasanta. Kowane dare da aka kwana da kwaɗo a ƙofar asibitin ƙauye, wata ta haihu a gida, kuma wasu daga cikinsu ba su tashi ba. Mun ga hanyoyin da aka shimfiɗa a ƙananan hukumomi tun hawanka a 2023, mun kuma yaba, domin hanya ma magani ce ga mai naƙuda. Sai dai hanyar tana bukatar ta kai mace inda za ta tarar da mutum da magani.

Kuka na biyu shi ne an bar wa gidajen nan nauyin da ba nasu kaɗai ba ne. Jaririn da ba shi da uwa madarar gwangwani yake sha, kuma gwangwani ɗaya ba ya yi masa mako. Duk uwar da ta shiga kasuwa tun bayan cire tallafin mai da faɗuwar darajar naira ta san yadda kuɗin madara ya ninka. A ɗakin jarirai za ka tarar da gadaje a jere, mai raino ɗaya tana jijjiga wannan a kafaɗa, tana riƙe wa wancan kwalba, na uku yana tsala kuka yana jiran layi. Da dare haka za ta yi ta zagaye har asuba, ga wankin kwalabe, ga tafasa ruwa. Albashin da ake ba irin waɗannan mata bai taka kara ya karya ba, don haka da sun sami wani aiki sai su tafi, yaro ya saba da hannu ya wayi gari babu shi. Ga kuɗin asibiti in shawara ta kama jariri ko gudawa ta ɓarke. Ga zabiya da ke bukatar man kariya daga rana da tabarau da hula, in ba haka ba cutar dajin fata na jiransu. Ga masu nakasa da ke bukatar gashin ƙashi da keken guragu. Duk wannan daga baikon coci da sadakar masu wucewa ake yin sa. A watan Disamba da lokacin bukukuwan manya akan ga buhunan shinkafa da masu ɗaukar hoto, daga nan sai shiru, alhali yaro sau uku yake cin abinci a watan Yuni ma.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 a nan Abuja ta fara aiki kai tsaye, ba ta jira amincewar wata majalisar jiha ba. Ta ce kowane yaro yana da haƙƙin rayuwa da suna da kulawar lafiya da ilimi, ta kuma ɗora wa hukuma alhakin yaron da ba shi da mai kula da shi. Ke nan yaran da ke waɗannan gidaje 'ya'yan gwamnati ne da wasu suka taya ta riƙo. Akwai Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko da dokar lafiya ta 2014 ta samar, akwai tanadin masu rauni a dokar inshorar lafiya ta 2022, birnin nan kuma yana da nasa shirin inshora. In jaririn da aka ƙwato daga bakin kabari bai shiga sahun masu rauni ba, to wa zai shiga?

Sai batun takardu, wanda ake gani kamar ƙarami har sai yaro ya girma. Jaririn da aka gudo da shi cikin dare ba ya zuwa da katin awo, balle takardar haihuwa. Shekaru na tafiya, sai ga shi ya kai aji shida na sakandare. Tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da lambar NIN, neman gurbin karatu ko aikin gwamnati kuma sai da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Na san wata yarinya mai ƙoƙari, wadda take koya wa ƙannenta lissafi a gidan da ta tashi, da aka yi ta kai da kawowa da ita a kan wannan takarda. Aka ce sai ta kawo sa hannun dagacin garinsu, garin da aka nemi hallaka ta tana kwana biyu a duniya. Ta tsaya a gabana tana murza bakin hijabin da na ara mata saboda rana, ta ce, “Mama, to ni 'yar ina ce?” Ban sami amsar ba ta ba. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tana da ma'aikatan rajistar haihuwa a kowace ƙaramar hukuma. Kwana ɗaya a wata ya ishi ma'aikaci ya zagaya gidajen nan da littafinsa.

Ba za mu ɓoye ba, ba kowane gida mai allon “gidan marayu” ne na Allah da Annabi ba. Akwai masu fakewa da sunan coci ko sunan jinƙai suna cinikin 'ya'yan mutane. A farkon 2024 hukumar birnin ta rufe wani gida a Karon Majigi, aka fitar da yara 23 da aka ce an kwaso su ne daga jihar Filato. Wannan aiki ya yi kyau, muna kuma son a ci gaba. Damuwarmu ita ce yadda sa idon yake zuwa. Sai a yi shekara ba a ga jami'in jin daɗin jama'a ba, ranar da abin kunya ya fashe kuma a zo da motoci a yi wa kowa kuɗin goro. Gidan kirki ba ya tsoron bincike, shi ne ma ke roƙon a zo, domin ziyarar jami'i ita ce shaidarsa ranar da wani zai tashi ya ce an sace masa ɗa. Rashin zuwan ne ke ba mugu damar ɓuya a cikin mutanen kirki.

Akwai maganar da ake yi a bayan fage, gara in fito da ita. Wasu daga cikin 'yan'uwana Musulmi suna cewa ai waɗannan gidaje hanya ce ta mayar da yara Kirista. Gaskiya ne yaron da ya tashi a gidan mai bishara addu'ar gidan zai koya. Amma ina tambayar masu wannan magana, ranar da aka kawo jaririyar nan cikin tsohon zane, ƙofar wa aka samu a buɗe? Addininmu ne ya yi tir da binne 'ya mace da rai, ya kuma yi wa mai riƙon maraya albishir da maƙwabtaka da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. In muna kishin yaran, mu buɗe namu gidajen a Abaji da Kwali, mu kai zakka da sadaka, mu karɓi riƙo. Abin da ya rataya a wuyan hukuma shi ne ta rubuta asalin kowane yaro, garinsu da danginsa da addinin iyayensa, ta kuma tabbatar ba a raba shi da danginsa na kirki ba. Da an yi haka, zargi zai ragu, masu rainon ma za su sami kariya.

Yaran kuma ba sa dawwama a jarirai. Masu gidan Vine Heritage sun sha faɗa cewa burinsu yaro ya koma cikin danginsa in hankali ya kwanta, kuma akwai waɗanda suka koma. Sai dai yaron da ya saba da makaranta da ruwan famfo, aka mayar da shi ƙauyen da babu malami, ga masu nuna shi da baki, yana bukatar wanda zai riƙa leƙa shi. Wanda ba shi da wurin komawa kuma, in ya kai shekara goma sha takwas, ina zai nufa?

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A fara da ƙauyukan da aka san ana kawo jarirai daga cikinsu. Sunayensu suna hannun masu gidajen raino da waɗanda suka yi bincike a baya, ba sai an kafa sabon kwamiti ba. A kai wa kowane asibitin da ke kusa da su ungozoma mai kwana a wurin, da wutar sola, da magungunan tsayar da jini da na jijjiga, da abin hawan da za a kira. A kuma tabbatar tiyatar haihuwa kyauta da Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar a Nuwamban 2024 ta isa ga matan Abaji da Kwali, kada ta tsaya a cikin gari. Shugabannin ƙananan hukumomi kuma su biya ma'aikata haƙƙinsu a kan kari, kada a sake rufe asibiti.

A ware wa gidajen da aka tantance wani kaso a kasafin kuɗin birnin, a riƙa biya bisa yawan yaran da ke hannunsu, a rubuce, kowa ya gani. A sa dukkan yaran a inshorar lafiya. A samar da lambar waya guda da ma'aikaciyar asibiti ko dagaci ko maƙwabci zai kira in an ga jariri cikin haɗari, a kuma sami wanda zai ɗaga wayar da dare.

A umarci Sakatariyar Harkokin Mata da sashen jin daɗin jama'a su fitar da jerin gidajen da ke da rajista, su riƙa ziyartarsu aƙalla sau ɗaya a wata uku, su haɗa kai da Hukumar Ƙidaya da hukumar katin ɗan ƙasa a yi wa kowane yaro takardunsa. Takardar shaidar ƙaramar hukuma kuma a ba su ita bisa shaidar jami'in jin daɗin jama'a, ba sai an tura yaro wurin waɗanda suka ƙi shi ba.

A zauna da sarakuna da hakimai da dagatai, tun daga fadar Ona na Abaji, shugaban majalisar sarakunan birnin, har zuwa mai unguwa. A ba su aikin rubuta duk mai ciki da duk haihuwa a ƙasarsu, ta yadda in jariri ya ɓace za a tambayi wani. Dokar Hana Cin Zarafin Mutane ta 2015 ta haramta al'adu masu cutarwa, kisan jariri kuma kisan kai ne a kowace doka. Ba muna neman a cika kurkuku da tsofaffin ƙauye ba ne, lallashi da asibiti sun fi kama mutane aiki a nan. Amma wanda aka ja wa kunne ya sake, a kai shi gaban alƙali, kuma a kare wanda ya tona.

Waɗanda suka girma a gidajen nan a ba su gurbi a tallafin karatu na birnin da shirye-shiryen koyon sana'a, waɗanda aka mayar gida kuma a sa jami'i ya riƙa bibiyarsu.

Daga ƙarshe muna roƙon ka ba masu riƙe da waɗannan gidaje lokaci ka saurare su da kunnenka, kafin a kammala kasafin kuɗin shekara mai zuwa. In an kira su, mu ma za mu biyo su da abin da muka gani a ɗakunan haihuwa. Allah Ya taimaki Minista, Ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Taku cikin girmamawa,
Ma'aikaciyar lafiya mai ritaya, a madadin matan da muke karo-karo,
Gwagwalada, Abuja.